Data, Caji Da Wurin Zama: Abin Da Laburare Zai Yi Wa Matasan Kakuri Da Sabon Tasha

Duk ranar da aka wayi gari babu wuta a Kakuri, Nasarawa ko Sabon Tasha, shagon mai caji ne ke fara cika. Wayoyi jere a kan katako, kowace da lambarta, janareta na ta ruri a bayan shago. Mai wayar zai biya kuɗi, ya karɓi kati, ya tafi ya dawo bayan awa biyu. A cikin waɗannan wayoyi akwai ta ɗalibar da ke shirin JAMB, akwai ta yaron da ke koyon zanen kwamfuta a YouTube, akwai ta wanda ya kammala digiri yana cike takardun neman aiki. A tsawon awa biyun nan karatunsu ya tsaya cak.

An sha cewa wayar salula ta kashe laburare, tunda littafin da mutum zai je nema yana cikin aljihunsa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai waya littafi kawai ta kawo. Ba ta kawo kujera da teburi ba, ba ta kawo wutar lantarki ba, ba ta kawo shiru ba, ba ta kuma kawo wanda za a tambaya idan abu ya cije ba. Waɗannan su ne matashi ke saya da kuɗinsa kullum, kuma su ne ɗakin karatu na jama'a ya kamata ya ba shi kyauta.

Nawa ake kashewa kafin a koyi abu a waya?

Darasin intanet da ake cewa kyauta ne yana da kuɗinsa a ɓoye. Bidiyon awa ɗaya a YouTube, idan aka kalle shi da tsabtar da za a iya karanta rubutun da ke kan allo, yana iya cin kusan gigabayit ɗaya. Wanda yake son koyon haɗa manhajar Android sai ya sauke Android Studio, wanda shi kaɗai ya kai gigabayit ɗaya, kafin a zo ga sauran kayan aikin da yake janyowa daga baya. Idan sabis ya yanke ana tsakiyar saukewa, wani lokaci sai an sake daga farko.

Kuma komai ya ƙara tsada cikin 'yan shekarun nan. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na kunna janareta suka tashi. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowane yunit. A watan Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara har kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data.

Bayan data da caji, sai wurin zama. A gidan haya mai ɗaki ɗaya ko biyu, inda ƙanne ke wasa, rediyo na magana, ana aiken mutum kowane minti goma, zaman awa uku a kan darasi ɗaya abu ne mai wuya. Idan ya fita waje, kusan duk inda zai zauna sai ya biya. Gidan kallon ƙwallo da kuɗin shiga. Teburin mai shayi sai an sayi wani abu. Shagon intanet da awa ake lissafi. Gidan cin abinci mai sanyi da soket, idan mutum ya daɗe a kan lemo ɗaya za a fara yi masa kallon da zai sa ya tashi da kansa. Wurin da ba ya karɓar kuɗin shiga, yana kuma maraba da matashi ya wuni, shi ne shagon cacar wasanni, kuma kowa ya san abin da ke fita daga aljihu a can.

Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Ray Oldenburg, ya yi rubutu a 1989 a kan abin da ya kira wuri na uku, wato inda mutum ke zama bayan gida da wurin aiki. Bahaushe ya daɗe da nasa: majalisa, dandali, zauren gida. Majalisa tana da daɗin hira, amma ba a rubuta manhaja a cikinta, kuma mata ba sa zama a can.

Kaduna ta san laburare tun kafin 'yancin kai

Ɗakin karatu na jama'a ba baƙon abu ba ne a Arewa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an buɗe ɗakunan karatu a garuruwa ƙarƙashin hukumomin En'e, inda mutane ke zuwa su karanta labarin yaƙi da jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna domin ya kula da waɗannan ɗakuna, yana aika musu da littattafai cikin akwatuna. A 1963 wani ƙwararre mai suna F. A. Sharr ya rubuta rahoto a kan buƙatun Arewa ta fuskar laburare. Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967, sai aka raba aikin a tsakanin sababbin jihohin Arewa.

Gadon wannan tarihi yana nan a cikin gari. Hedikwatar hukumar laburare ta Jihar Kaduna tana kan titin Bida, haka ma reshen Kaduna na babban laburaren ƙasa. Gidan Arewa, cibiyar bincike da aka kafa a 1970 a harabar gidan Sardauna, yana titin Rabah. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa tana kan titin Yakubu Gowon.

Abin lura shi ne dukkan waɗannan suna arewa da kogi. Haka aka tsara garin tun farko: ofisoshin gwamnati da unguwar manyan ma'aikata a arewa, tashar jirgin ƙasa da masana'antu a kudu. Ga wanda ke Ungwan Romi, Gonin Gora ko Sabon Tasha, zuwa titin Bida yana nufin shiga bas ko Keke, wani lokaci hawa biyu, a tsallake gada, sannan a biya kuɗin dawowa. Shiga laburaren ba ta da tsada, amma hanyar zuwa tana da ita. Idan kuɗin motar ya kai na datar kwana ɗaya, mafi yawan matasa datar za su saya.

Ɓangaren da ya riƙe gari da masaƙu

Unguwannin kudu da kogi ma'aikata ne suka cika su. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, sai UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. Dubban mutane daga kowane yanki na Nijeriya suka zo neman aiki, suka zauna a Kakuri, Makera, Nasarawa da Kurmin Gwari. A kan injin saƙa ɗaya za a ga Bahaushe, Bajju, Tibi, Bayarabe da Ibo.

Masaƙun sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. 'Ya'ya da jikokin waɗancan ma'aikata su ne yau ke riƙe da wayoyi suna neman sana'ar da ba ta buƙatar ƙofar masana'anta: haɗa shafukan intanet, zane, gyaran bidiyo, talla a Facebook da Instagram, gyaran waya. Iyayensu sun koyi aiki a cikin masana'anta, a gefen wanda ya riga su iyawa. Su kuwa kowa yana koyo shi kaɗai a kan ƙaramin allo.

Akwai shaidar cewa buƙatar wurin haɗuwa gaskiya ce. A 2016 Sanusi Ismaila ya buɗe CoLab a Barnawa, cibiyar da masu koyon fasahar kwamfuta ke haɗuwa su yi aiki tare, kuma ta sa sunan Kaduna ya shiga bakin masu harkar fasaha a Nijeriya. Abin da irin wannan cibiya ke bayarwa a zahiri shi ne wuta, intanet, teburi da abokan koyo. Amma cibiya ɗaya ko biyu masu zaman kansu ba za su ɗauki matasan ƙananan hukumomi biyu ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ma tana da harabarta a Barnawa, sai dai ɗakin karatun makaranta na ɗalibanta ne. Wanda bai samu gurbin karatu ba, wanda shi ne ya fi buƙata, yana waje.

Ɗaki ɗaya da ba a tambayar addini a ƙofa

Akwai wani dalili da ya keɓanta da Kaduna. Bayan rikicin shekarar 2000 da na Nuwamban 2002, mutane da yawa sun sauya unguwa domin neman kwanciyar hankali. Musulmi da dama suka koma arewa da kogi, Kiristoci da dama suka koma kudu. Har yanzu akwai unguwannin da ake zaune a gauraye, kamar Barnawa da Kakuri, amma an samu yaran da aka haifa bayan wancan lokaci, suka yi firamare da sakandare ba su taɓa zama benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da suka sani game da juna mafi yawansa daga WhatsApp da TikTok ne, inda saƙon da ya fi tayar da hankali shi ya fi yawo.

Masallaci da coci suna buɗe kyauta, suna kuma yin aikin alheri mai yawa, amma kowanne na mabiyansa ne. Kasuwa tana haɗa kowa, sai dai haɗuwar ciniki ce ta minti biyar. Laburare yana cikin 'yan wuraren da mutum biyu daga unguwa daban za su zauna teburi ɗaya na tsawon awanni, su yi aron caja, ɗaya ya leƙa allon ɗaya ya ce ga inda kuskuren yake. Ba sai an shirya taron zaman lafiya da jawabai ba. Sanarwar UNESCO kan ɗakunan karatu na jama'a, wadda aka fara fitarwa a 1949 aka kuma sabunta ta a 2022, ta tsaya a kan cewa a buɗe su ga kowa ba tare da duba shekaru, jinsi, addini, harshe ko matsayi ba, kuma a ƙa'ida su zama kyauta.

Ga 'yan mata abin ya fi nauyi. Iyaye da yawa ba za su bar 'yarsu ta je gidan kallo ko ta daɗe a shagon intanet ba, amma za su bar ta ta je ɗakin karatu mai ma'aikata da rajista, wanda ke kusa da gida. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa ta fara da rauni tun kafin ta ga tambaya ta farko. Zuwa laburare sau uku ko huɗu kafin ranar ya isa ya cire mata wannan fargaba.

Yadda wasu birane suka yi

A Helsinki, babban birnin Finland, an buɗe laburaren Oodi a Disambar 2018. Bayan littattafai, akwai kekunan ɗinki, na'urorin buga abubuwa na 3D, ɗakunan naɗar sauti da wuraren taro. Za a iya cewa wannan ƙasar masu kuɗi ce, don haka misalin Nairobi ya fi kusa. A can wata ƙungiya mai suna Book Bunk, wadda Angela Wachuka da Wanjiru Koinange suka kafa a 2017, ta haɗa hannu da hukumomin birnin domin farfaɗo da tsohon laburaren McMillan na 1931. Ba su fara da babban ginin tsakiyar gari ba. Sun fara da ƙananan rassa biyu na Kaloleni da Makadara, a unguwannin ma'aikata da ke gabashin birnin. A Medellin ta ƙasar Kolombiya kuwa, hukumar birni ta gina manyan ɗakunan karatu da gangan a unguwannin talakawa da suka yi fama da tashin hankali.

Darasin da ke cikin misalan nan shi ne a kai laburaren inda mutane suke. Ƙaramin ɗaki da za a iya takawa a ƙafa daga gida ya fi amfani ga yaron Kakuri a kan katafaren gini da sai an hau mota biyu.

Me ake buƙata a zahiri?

Ta fuskar fasaha, abin bai kai yadda ake zato ba. Cajar laftof ta yau da kullum tana jan wat 45 zuwa 65. Laftof ashirin a lokaci guda ba za su wuce wat 1,300 ba. A ƙara wayoyi, fitilu, fankoki da na'urar Wi-Fi, duka dai aikin sola ne da inbata irin wadda manyan shaguna da wasu gidaje ke sakawa. Kuma lokacin da ɗakin karatu ya fi cika, wato da rana, shi ne lokacin da faifan sola ya fi kawo wuta.

Maganar data ma tana da dabara. Matasa sun riga sun saba da tura fim da manhaja ta Xender ba tare da taɓa data ba. Laburare zai iya yin irin wannan a babban mataki. Akwai manhajar Kiwix, wadda ke ajiye Wikipedia a na'ura domin a karanta babu intanet. Ta Turanci gaba ɗaya da hotunanta kimanin gigabayit 100 ce, ta Hausa kuma ƙarama ce ƙwarai idan aka kwatanta. Akwai Kolibri, manhajar darussa da aka gina musamman domin wuraren da babu intanet. Idan aka ɗora su a kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, aka haɗa da na'urar Wi-Fi, duk wanda ya shigo ɗakin zai buɗe su a wayarsa ko da ba shi da ko megabayit ɗaya. Haka za a iya ajiye manyan kayan aikin masu koyon haɗa manhaja, a sauke sau ɗaya, mutum ɗari su kwafa.

Gini ma ba lallai sai sabo ba. Aji biyu a makarantar firamare ta gwamnati bayan an tashi, ɗakin taron unguwa, ko wani ofishi da ba a amfani da shi, duk za su iya zama mafari.

Abin da ya fi wuya shi ne ɗorewa. Nijeriya ta ga ɗakunan kwamfuta da yawa da aka buɗe da biki, bayan shekara guda batir ya mutu, kuɗin intanet ya ƙare, aka sa kwaɗo. Laburare yana rayuwa ne da albashin ma'aikaci, kuɗin gyara da lokacin buɗewa da ya dace da mutane. Idan ana rufewa da ƙarfe huɗu kamar ofis, ba a buɗewa ranar Asabar, to an rufe ƙofa ga ɗan makaranta da mai koyon sana'a, waɗanda sai yamma suke samun kansu. Kuma ma'aikacin laburare na yau aikinsa ya wuce jera littattafai. Shi ne zai nuna wa dattijo yadda ake cike fom a intanet, ya nuna wa yarinya yadda ake gane shafin bogi da ke neman lambar BVN.

Littafin takarda fa?

Har yanzu yana da gurbinsa. Littafi ba ya turo sanarwa, ba ya mutuwa a kashi biyu cikin ɗari, kuma babu wanda zai kira mutum ta cikinsa. Duk wanda ya taɓa buɗe darasi a waya ya tsinci kansa a TikTok bayan minti goma ya san darajar wannan. Sannan akwai tarin rubuce-rubucen Hausa, tsofaffin jaridu da takardun tarihin Arewa da ba a taɓa ɗora su a intanet ba. Masu haɗa manhajojin fassara da na ƙirƙirarriyar basira suna kukan ƙarancin rubutun Hausa a intanet, alhali wani kaso mai yawa nasa yana kan kantocin ɗakunan karatu yana jiran wanda zai ɗauki hotonsa ya adana.

Abin da matashi zai iya yi tun yanzu

Na farko shi ne amfani da wanda ake da shi. Duk wanda ke da hali ya ware rana ɗaya ya tsallaka titin Bida, ya tambayi yadda ake rajista da lokutan buɗewa. Hukuma tana auna muhimmancin wuri da yawan masu zuwa, kuma kujerar da babu kowa a kanta hujja ce ga mai son rage kasafi.

Na biyu, a tafi a ƙungiya. Mutum huɗu ko biyar masu koyon abu ɗaya, ko masu shirin jarrabawa ɗaya, za su iya sa rana a mako. Wanda ya sauke darasi ya tura wa saura. Idan wurin yana da Wi-Fi na jama'a, a guji shiga manhajar banki a kansa, kuma duk wanda ya buɗe imel ko Facebook a kwamfutar da ba tasa ba ya tabbatar ya fita kafin ya tashi.

Na uku, a kai buƙatar inda za a ji. Barnawa, Kakuri, Makera da Television suna ƙarƙashin ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, wadda hedikwatarta ke Makera. Sabon Tasha, Narayi da Nasarawa suna ƙarƙashin Chikun. Kowace mazaɓa tana da kansila, kowane yanki yana da ɗan majalisar jiha da na tarayya masu ayyukan mazaɓa. Ƙungiyoyin matasa sun saba neman taransfoma, kwalbati da rijiyar burtsatse. Ɗakin karatu mai sola da Wi-Fi zai iya shiga wannan jeri, da takarda a rubuce: ga ginin da ake nufi, ga adadin kujeru, ga wanda zai kula da shi, ga abin da zai ci a wata. Buƙatar da ta zo da lissafi ta fi wuyar turewa.

Masu shagon caji suna yin sana'arsu ta halal, kuma za a ci gaba da buƙatarsu. Amma ɗalibar da ta ajiye wayarta a can da safe ta cancanci wurin da za ta sa cajar a soket, ta ja kujera, ta ci gaba da karatunta daga inda ta tsaya, ba tare da kowa ya tambaye ta abin da za ta saya ba.